MS-DOS 6.0: Sabunta Babbar Manhajar Kwamfuta

Gabatarwa

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda ke tafiyar da ayyukanta, ita ce kuma ke shiga tsakanin mutum da sassan na'urar. Kafin yaɗuwar Windows, MS-DOS ta kamfanin Microsoft ce ke wannan aiki a yawancin ƙananan kwamfutoci tun daga 1981. Wannan darasi zai duba zubinta na 6.0, wanda ya fito a 1993.

Sababbin Kayan Aiki

Babbar matsalar wancan zamani ita ce ƙarancin wuri. Faifan ajiya ƙarami ne, yawancin manhajoji kuma suna aiki ne a cikin ƙwaƙwalwar da ba ta wuce kilobait 640 ba. Domin magance wannan da wasu matsaloli, an tanadi waɗannan:

1. DoubleSpace: tana matse bayanai domin faifai ya ɗauki kusan ninkin abin da yake ɗauka.
2. MemMaker: tana sake tsara ƙwaƙwalwa domin manhajoji su sami wurin aiki.
3. Defrag: tana tattara gutsattsarin fayil da suka warwatsu a faifai, sai karatu ya yi sauri.
4. Anti-Virus: tana farautar manhajoji masu cutarwa.
5. Backup: tana kwafe fayiloli zuwa wasu faya-fayai domin ajiya.

Matsalar DoubleSpace

Da yake ana tara duk abin da aka matse a cikin babban fayil guda, lalacewarsa kan jawo asarar bayanai masu yawa. Masu amfani sun koka, sai aka fito da zubi na 6.2 a ƙarshen 1993, tare da ScanDisk mai binciken lafiyar faifai. Haka nan kamfanin Stac Electronics ya kai Microsoft ƙara kan fasahar matsewar, aka yanke masa diyyar dala miliyan 120 a 1994. A shekarar ce DriveSpace ta maye gurbin DoubleSpace a zubi na 6.22.

Kammalawa

Sabuwar manhaja kan warware wata matsala ta kuma haifar da wata. Saboda haka, malamin da ke ajiye sakamakon jarrabawa ko takardun darasi a kwamfuta ya wajaba ya kwafe su zuwa wani wuri kafin ya sabunta komai.

Auna Fahimta

1. Mene ne aikin babbar manhaja?
2. Bayyana bambancin aikin DoubleSpace da na MemMaker.
3. Me ya sa aka fito da zubi na 6.2?