Ƙaramar Kafa da Baƙin Kogo: Yadda Ma'aunin Zafi ke Korar Baƙon Haske

A shekarar 2020, lokacin annobar korona, ɗalibai a Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha sun saba da wata na'ura da ake nuna musu a goshi a ƙofar makaranta. Ba ta taɓa fata, amma tana faɗin zafin jiki. Ita ma nau'in rediyomita ce, wato ma'aunin haske.

Duk abu mai ɗumi yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, wanda William Herschel ya gano a Ingila a 1800. Shi na'urar ke aunawa. Sai dai ba goshi kaɗai ke fitar da shi ba. Rana da rufin kwano da katangar da ta sha rana duk suna aiko da nasu. Idan wannan baƙon haske ya kutsa ciki, lissafi ya ɓaci, sai a mayar da yaro mai lafiya gida.

Dabarar farko ita ce ƙuntata kafar shiga. Mai leƙe ta cikin gora abin da ke gabansa kaɗai yake gani. A manyan na'urorin auna hasken rana akan jera baƙaƙen zobba cikin bututun, su shanye hasken da ya shigo a karkace.

Dabara ta biyu ita ce kogo, wanda Gustav Kirchhoff ya bayyana sirrinsa a 1860. A waɗancan manyan na'urori akan ƙera sashen da ke karɓar hasken kamar mazurari mai baƙin ciki. Hasken da ya shiga sai ya yi ta karo da bango. Idan bangon yana shanye kashi 90 cikin 100 a kowane karo, bayan karo uku kashi 1 cikin 1,000 ne zai rage.

Amma jikin na'urar ma yana fitar da nasa hasken. Don haka ake sa wani ƙaramin ma'auni ya auna ɗuminta, a gyara lissafin da shi. Shi ya sa ba a barin ma'aunin goshi a rana, kuma a inuwa ake gwaji.

Aikin aji: a sami kwalin takalmi mai farin ciki, a shafe murfinsa da baƙin fenti, a huda ƙaramar kafa a tsakiya. Tsakanin kafar da fentin, wanne ya fi baƙi? Ɗalibai su bayyana dalili.