Jikin da bai gama ginuwa ba

'Ya'yana, samari da 'yan mata, ku matso in ba ku labarin wata doka da aka yi nesa da mu, amma maganarta ta shigo mana har tsakar gida.

A watan Oktoba na 2023 gwamnar jihar New York a Amurka, Kathy Hochul, ta sa hannu a kan dokar da ta hana a sayar wa duk wanda bai cika shekara 18 ba ƙwayoyin rage ƙiba da na gina tsoka, irin waɗanda ake saye ba tare da takardar likita ba. Dokar ta fara aiki a watan Afrilu na 2024. Mai shago sai ya tabbatar da shekarun mai saye, haka ma mai sayarwa ta intanet. An bar garin furotin zalla, muddin ba a cakuɗa shi da wani sinadarin rage ƙiba ko kumbura tsoka ba. Masu sarrafa waɗannan kaya ba su ji daɗi ba, har kotu suka je. A Kalifoniya ma majalisa ta amince da makamanciyar dokar a 2022, amma gwamna Gavin Newsom ya ƙi sa hannu. Kun ga ko a can ba a taru a kan magana ɗaya ba, domin kasuwa ce mai maiƙo.

Abin da ya kai su ga haka shi ne nake so ku riƙe. Tun 1994 dokar Amurka ta ware waɗannan kaya daga sahun magunguna. Maganin asibiti ba ya shiga kasuwa sai an gwada shi an gamsu. Su kuwa waɗannan, kamfani na iya zuba su a kwalba ya fara sayarwa, hukuma sai ta ga ɓarna tukuna ta bi sawu. Haka aka yi da ephedra, wanda aka daɗe ana sha don rage nauyi. A 2003 wani ɗan wasa mai shekara 23, Steve Bechler, ya faɗi a filin atisaye a Florida, ya rasu, binciken gawa ya nuna ephedra na cikin abin da ya jawo. Sai a 2004 aka haramta shi. A 2013 kuma aka ga mutane a Hawaii suna zuwa asibiti hanta ta lalace bayan sun sha wani mai suna OxyElite Pro, wasu sai da aka yi musu dashen hanta. Wani bincike da aka wallafa a 2015 ya ƙiyasta cewa kusan mutum 23,000 ake kaiwa sashen gaggawa a Amurka duk shekara saboda irin waɗannan kayan ƙarin kuzari, kuma a cikin matasa na rage ƙiba da na ƙarin ƙarfi ne kan gaba, yawanci da bugun zuciya da ciwon ƙirji.

Wannan fa ƙasa ce mai hukumomi masu ƙarfi da asibitoci a kusa. To, ku dubi namu wurin. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar za ta shiga kemis, ko ta tura saƙo ga wata mai talla a WhatsApp ko TikTok, a kawo mata shayin rage tumbi har ƙofar gida, babu mai tambayar shekarunta. Da yawa daga cikin irin wannan shayi akwai filasko a ciki. Kakanninku sun san filasko, sun san maganin wankin ciki ne da ake sha sau ɗaya in buƙata ta taso, ba a mai da shi shayin safe da dare. Abin da ke fita ruwa ne da gishirin jiki, kitse yana nan inda yake. In aka daɗe a haka hanji ya saba, ba ya motsi sai da shi, zuciya ma tana iya rikicewa saboda ƙarancin sinadarin da take bugawa da shi. Mafi muni, an sha kama wasu kayan rage ƙiba da ake cewa na ganye ne zalla da sibutramine a ɓoye a ciki, maganin da aka janye daga kasuwar Turai da Amurka a 2010 saboda yana jawo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

'Yata, abin da ya fi damuna ma ba kwalbar ba ce. Yarinyar da ta fara neman maganin rama tana ƙarama, sau da yawa ba a nan take tsayawa ba. Sai ta fara tsallake abinci, ta riƙa jin tsoron tuwon gidansu, ta duba madubi ta ga ƙiba inda kowa ke ganin ƙashi. Likitoci sun san wannan ciwo ne, kuma yana kisa. In kin ji kin fara irin wannan tunani, ki faɗa wa mahaifiyarki ko wata babba da kika yarda da ita. Ba abin kunya ba ne.

Ku kuma samari masu ɗaga ƙarfe, ban hana ku ba. Motsa jiki alheri ne, kuma ƙasar nan ta haifi 'yan dambe da 'yan kokawa tun kafin a san kwalbar ƙwaya, da gero da nono da wake da aikin gona. Abin da nake ja muku kunne a kai shi ne allura ko ƙwayar da wani a wurin atisaye zai ce muku wata uku kacal ƙirji ya buɗe. Yawancin irin wannan siterod ne, mai kwaikwayon sinadarin mazantaka. A ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro akwai wani wuri mai taushi inda tsawo ke ƙaruwa, kuma siterod yana rufe shi kafin lokaci. Wanda Allah ya nufa da tsawo sai ya tsaya inda yake, har abada. Bayan wannan ga ƙuraje, ga saurin fushi, ga ƙanƙancewar 'ya'yan maraina, wani har nono ya fito masa. Ba a ɗora bene a kan ginin da simintinsa bai bushe ba, kuma jikinku a shekara goma sha shida ɗanyen gini ne.

Mu a nan muna da tamu matsalar da dokar New York ba ta yi maganarta ba, wato neman ƙiba. Kun san sha-ka-fashe. Amarya na shirin biki, ƙawaye su ce ta yi rama, a ba ta ƙwaya ta ciko. Sau da yawa dexamethasone ne, maganin da likita ke bayarwa ga mai asma ko wani kumburi mai tsanani, da awo da ƙayyadadden lokaci. Cikar da yake kawowa kumburi ne: fuska ta yi fam, ciki ya fito, hannu da ƙafa su sirance, fata ta tsattsage. A ciki kuwa sukari na hawa, jini na hawa, ƙashi na rauni, jiki ya kasa yaƙi da cuta.

Idan za ku sayi wani abu, ku nemi lambar hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, a jikinsa, ku kuma sani lambar ba shaida ce ta cewa duk abin da mai talla ya faɗa gaskiya ne ba, kuma ana buga ta jabu. Duk abin da aka ƙulla a leda babu suna, ko aka ce sirri ne ba a faɗin abin da ke ciki, ku bar wa mai shi.

Wadda kuma ta riga ta daɗe tana shan sha-ka-fashe, don Allah kada ta ji wannan magana ta watsar da shi yau. Jiki ya daina yin nasa sinadarin saboda ya saba da na ƙwaya, yankewa farat ɗaya na iya sa jini ya faɗi ta suma. Ta ɗauki kwalin ko sauran ƙwayar ta tafi asibiti, ta faɗa wa likita tsawon lokacin da ta yi tana sha da adadin da take sha a rana, shi zai rage mata a hankali har ta rabu da shi.