Jamaika: Darasin Ilmin Halittu a Tsibirin Masu Yawon Buɗe Ido

Gabatarwa

Jamaika tsibiri ne a tekun Karebiyan, kudu da ƙasar Kuba, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 11,000. Ta sami mulkin kai daga Ingila a 1962, babban birninta kuwa shi ne Kingston. Galibin baƙin da ke zuwa can, farin yashin gaɓar Montego Bay da Ocho Rios ne ke kawo su. Amma baƙon da ya buɗe ido da kyau zai tarar ƙasar aji ce ta koyon ilmin halittu. Babban darasinta shi ne abin da kan faru idan ɗan'adam ya kai baƙuwar halitta tsibiri.

Halittun da Babu Su Ko'ina

Teku katanga ce. Dabbobi da tsirran da suka isa tsibiri tun zamanin da, sukan yanke hulɗa da danginsu na babban yanki. Bayan dubban ɗaruruwan shekaru sai su sauya, su zama jinsi mai zaman kansa. Shi ya sa Jamaika ke da jinsin tsuntsaye kusan 30 waɗanda ba a samun su a wata ƙasa. Daga cikinsu akwai wanda mutanen ƙasar ke kira tsuntsu likita, alamar ƙasarsu. Ɗan ƙarami ne mai shan zaƙin fure kamar sha-kaucinmu, namijin yana da dogayen gashin wutsiya biyu. Baƙon da ya hau tsaunukan Blue Mountains, waɗanda ƙololuwarsu ta kai mita 2,256, da wuya ya sauko bai gan shi ba.

Sai dai wannan kaɗaici yana da illa. Halittar da ta daɗe ba tare da magabci ba, ba ta san dabarar kare kanta ba. Da yawa a ƙasa suke ƙwai, a fili.

Yadda Tunku Ya Shigo

A ƙarni na 19 ɓeraye sun addabi gonakin rake na Jamaika. A 1872 wani mai gona, W. B. Espeut, ya sa aka kawo masa tunku tara daga Indiya, huɗu maza biyar mata, ya sake su don su cinye ɓerayen. Da farko ɓarna ta ragu, har wasu tsibiran suka nemi irin. Amma an manta da abu biyu. Tunku da rana yake farauta, ɓera kuwa da dare yake fitowa. Sannan baƙin ɓera gwanin hawa itace ne, inda tunku ba ya iya cim masa.

Saboda haka tunku ya juya kan abin da ya fi sauƙi: ƙwan tsuntsaye, da ƙadangaru, da macizai, da kwaɗi. Garin neman gira aka rasa ido. Wani tsuntsun teku mai yin sheƙa a rami, tun 1879 ba a sake tabbatar da ganinsa ba, kuma masana na ganin tunku na cikin dalilan.

Iguwana Ta Dawo

Iguwanar Jamaika ƙatuwar ƙadangaruwa ce mai kama da damo, amma ganye da 'ya'yan itace ne yawancin abincinta. Tun wajen shekarun 1940 aka ɗauka ta ƙare. A 1990 karen wani mafarauci ya kamo guda mai rai a tsaunukan Hellshire, kusa da Kingston. Bincike ya nuna sauran kaɗan ne, kuma kusan duk manya, domin tunku na cinye ƙananan da zarar sun fito daga ƙwai.

Sai masana suka fito da dabara. Ana kwashe sababbin ƙyanƙyasa a rene su a gidan namun daji na Hope da ke Kingston, har su yi girman da ya fi ƙarfin tunku, sannan a mai da su daji. Ana kuma kafa wa tunku tarko a wuraren ƙwai. Yawansu ya ƙaru, amma har yanzu suna cikin haɗari.

Gwanja Kusa a Faranti

Ba kowace baƙuwar halitta ce ke ɓarna ba. Abincin da Jamaika ta shahara da shi, aki da busasshen kifi mai gishiri, ana yin sa ne da 'ya'yan itacen da aka kai can daga Afirka ta Yamma a ƙarni na 18. Mu Hausawa mun san shi da suna gwanja kusa. Amma baƙo ya yi hattara. Ɗanyensa na ɗauke da guba mai suna haifogilaisin, wadda ke hana jiki sarrafa kitse da samar da sukari. Sukarin jini sai ya faɗi, amai ya biyo baya, wani lokaci har da suma ko mutuwa. Ana jira ne sai ɗan itacen ya tsage da kansa, a cire ƙwallon da jan zaren ciki, a dafa tsokar, a zubar da ruwan.

Kammalawa

Mai yawon buɗe ido shi ma yana iya zama sanadin irin wannan ɓarna. Iri a aljihu, ko ƙasa a tafin takalmi, ko ƙwaro a cikin tsaraba, duk sun isa su kafa sabuwar annoba. Dalilin da ya sa ke nan jami'an kan iyaka ke tsananta bincike kan ɗanyen kayan gona. Tunku tara kawai aka saka, ga shi bayan fiye da shekara 150 ana ta fama da jikokinsu.

Tambayoyi

1. Me ya sa halittun tsibiri ke saurin ƙarewa idan baƙon magabci ya shigo?
2. Kawo dalilai biyu da suka hana tunku gamawa da ɓeraye.
3. Nemi wata baƙuwar shuka a yankinku, ka bayyana amfaninta da illarta.