Yadda Ake Auna Makarantun Gwamnati: Karatu Da Kuɗi

Duk mai zuba jari yana da tambaya biyu: nawa aka kashe, me kuma aka samu? Ilmi ma jari ne, don haka ake auna makarantun gwamnati da sakamakon karatu, da kuma yadda aka sarrafa kuɗi. A Nijeriya ana da ma'aunin biyu, amma ba safai ake haɗa su a takarda guda ba.

Mu ɗauki mazaɓar Maisandari a Ƙaramar Hukumar Birnin Maiduguri. Makarantun firamarenta suna ƙarƙashin hukumar ilmi ta ƙaramar hukuma, wadda ke bin umarnin hukumar SUBEB ta Jihar Borno. Ba a ganin ƙoƙarin 'ya'yansu sosai sai sun kai ƙarshen sakandare, inda WAEC, ko NECO da aka kafa a 1999, ke ƙidaya waɗanda suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Wannan ma'auni yana da sauƙin fahimta, sai dai yana da giɓi: wanda ya zauna jarrabawa kaɗai yake ƙirgawa. Yarinyar da aka cire a aji huɗu ba ta cikin lissafi. Haka kuma ba ya la'akari da halin da aka yi karatun. A 2014 an rufe makarantu a Borno saboda rikicin Boko Haram, wasu na Maiduguri suka koma masaukin 'yan gudun hijira; a Satumba 2024 kuma ambaliyar madatsar Alau ta sake dakatar da karatu. Jera irin waɗannan makarantu da na Legas a layi ɗaya ba adalci ba ne.

Ta fuskar kuɗi, dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na babban asusun tarayya ga hukumar UBEC. Jiha ba ta karɓar tallafin gine-gine sai ta ajiye daidai abin da za a ba ta. Albashin malaman firamare kuwa daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa. Mai binciken kuɗi rasit yake nema. Ko yaro ya iya karatu, wannan ba hurumin aikinsa ba ne.

A Jihar Texas ta Amurka, kowace gundumar makarantu tana samun maki biyu a fili, ɗaya na karatu daga A zuwa F tun 2018, ɗaya na riƙon kuɗi. Mu a nan, alƙaluman da aka fi bayyanawa na jiha ne dungum.

Lissafin da ya kamata a yi ba wuya gare shi ba. A ce makarantu biyu kowace ta ci naira miliyan 20 a shekara, da ɗalibai 500, watau naira 40,000 kan kowane yaro. Idan 400 sun iya karatun ajinsu a ta farko, 200 a ta biyu, to kowane yaron da ya koya ya ci naira 50,000 a can, naira 100,000 a nan, alhali littafin akanta ya nuna su daidai. Yawan ɗalibai yana cikin ƙidayar makarantu ta shekara-shekara, albashi yana takardun hukumar ilmi, kuma kwamitin SBMC na kowace makaranta, mai wakilan iyaye, yana iya neman a nuna masa duka biyun.