Darasi a kan wutar da ake fitarwa daga kashin dabbobi, da hukuncinta

 

Ya ku ƴan'uwa, ku sani cewa ƙidayar jama'a ta shekarar 1988 ta sami mutanen Nijar sun ɗara miliyan 7 da kaɗan, ta shekarar 2012 kuwa ta same mu mun haura miliyan 17. Kowane gida daga cikin waɗannan yana ɗora tukunya, kuma mafi yawan tukwanen nan a bisa icce ake ɗora su. Wanda ya manyanta a cikinmu ya san inda geza da taramniya suke tsayawa a bayan garinsu lokacin ƙuruciyarsa, ya kuma san inda ake zuwa neman su yanzu. Idan icce ya yi wuya sai a koma ga kara da kandilo, alhali su ne abincin gona. Mai ƙona kandilo yana dafa tuwon yau da takin hatsin baɗi. Ga kuma hayaƙi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kimanin mutum miliyan 3.2 ne suka mutu a duniya saboda gurɓatar iskar cikin gida, wadda asalinta irin makamashin da ake girki da shi ne. Mata da ƙananan yara ne suka fi daɗewa a bakin murhu.

Ba a zauna hannu rabbana ba. An yi babban taron yaƙi da hamada a Maraɗi a 1984. Manoman jahohin Maraɗi da Damagaram sun raya toho a gonakinsu ta hanyar sassaben zamani, har masu bincike suka ƙiyasta gonakin da itatuwa suka dawo a cikinsu da eka ta Faransa wajen miliyan 5. An ƙera murhun Mai Sauƙi, an sarrafa gawayin ƙasa na Cirozerin domin girki, matatar mai ta Damagaram ta fara fitar da gaz na tukunya a 2011. Marigayi Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, wanda aka sa wa jami'ar Yamai sunansa, ya ƙarar da rayuwarsa yana binciken yadda za a ci moriyar zafin rana har ya rasu a 1991. Darasinmu na yau a kan wata ƙofa ce da ba a faye magana a kanta ba a majalisunmu, wato gaz ɗin da ake samu daga kashin dabbobi, wanda masu karatun boko suke kira biyogaz. Ta cancanci darasi domin tana da lissafi wanda ya kamata a sani kafin a kashe dala ɗaya, kuma tana da mas'alar tsarki wadda jama'a suke tambaya.

Yadda abin yake aukuwa

A shekarar 1776 wani masani ɗan Italiya mai suna Alessandro Volta ya lura da kumfar da take tasowa daga taɓon bakin tafki idan an motsa shi da sanda. Ya tara iskar, ya kusanto mata da wuta, sai ta kama. Ita ce ake kira metan. Daga baya aka gane cewa wasu halittu ƙanana, waɗanda ido ba ya gani, su suke haifar da ita yayin da suke cin ruɓaɓɓen abu a wurin da iska ba ta shiga. Irin waɗannan halittu suna nan zaune cikin tumbin saniya. Saboda haka abin da injiniyoyi suka yi shi ne gina wa waɗannan halittu wani tumbi na siminti a ƙarƙashin ƙasa, mai baki da ake zuba abinci, da cikin da yake rufe ruf, da mafitar da saura yake fita.

Kowace safiya ana dama ɗanyen kashin shanu da ruwa, awo ɗaya na wannan da awo ɗaya na wancan, har ya yi kaurin kunu, a zuba. Abin da aka zuba yau yakan yi kwana 30 zuwa 50 a ciki kafin sabon zubi ya turo shi waje. A cikin wannan lokaci ƙungiya ɗaya ta halittun tana narkar da shi ya koma tsami, wata ƙungiyar kuma ta mayar da tsamin gaz. Gaz ɗin sai ya taru a saman ginin, a ja shi da tiyo zuwa madafa. Kashi 50 zuwa 70 cikin 100 nasa metan ne, mafi yawan ragowar kuwa gaz karbonik ne wanda ba ya cin wuta, sai ɗan wani abu mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da yake cin ƙarfe. Akan rage shi ta hanyar bi da gaz ɗin ta cikin gwangwani mai cike da tsatsar ƙarfe. Harshen wutarsa shuɗi ne, ba ya baƙanta tukunya. Sai dai yana buƙatar murhu nasa mai manyan ƙofofi, na gaz ɗin tukunya ba ya yi masa sai an gyara.

Gini iri biyu ne suka shahara. Na Indiya, wanda wani injiniya mai suna Jashbhai Patel ya tsara a shekarun 1950, yana da tukunyar ƙarfe a kife a sama, tana ɗagawa idan gaz ya taru, tana sauka idan an sha, aibinsa tsatsa. Na ƙasar Sin kuwa duka da tubali da siminti ake yinsa, samansa kamar ƙubba, babu ƙarfe mai motsi. Aibinsa shi ne idan magini bai ƙware ba, tsaga ɗaya da ba ta kai gashin kai ba ta isa ta zurarar da gaz ɗin duka. Maƙwabtanmu na Burkina Faso irin mai ƙubba suka bi a shirin da suka fara a 2009, kuma sun gina fiye da 10,000. A Ruwanda an haɗa salgar manyan gidajen kaso da irin wannan gini tun farkon shekarun 2000, aka rage iccen da ake dafa wa ƴan kaso abinci da shi.

Waɗannan halittu suna son ɗumi, wajen digiri 35. A nan ƙasarmu ta fi ƙasashen sanyi rabo, domin su sai sun ɗumama ginin. Amma a tsakiyar hunturu gaz yakan ragu, kada mai shi ya zaci lalacewa ce.

Lissafi kafin gini

A nan muke so a dakata. Kilo ɗaya na ɗanyen kashin shanu yana ba da gaz kimanin lita 40. Ke nan kilo 25 ne yake ba da lita 1,000, wadda za ta riƙe murhu ɗaya awa biyu zuwa uku. Gida mai tukunya babba, irin gidajenmu, yana buƙatar ninkin wannan: kilo 50 na kashi da lita 50 ta ruwa, yau da gobe, rani da damina. Wanda yake da shanu biyar amma suna wuni a daji, suna tafiya mashekari wata da watanni, kashinsu yana can inda suka bar shi. Na kwana kaɗai yake samu, shi ma in suna gida. Wanda kuma matansa suke jan ruwa daga rijiya mai gaba talatin, idan ya ƙara musu lita 50 kullum, ya sauke musu kayan icce ya ɗora musu tulu. Wannan ba tausayi ba ne. Ana iya tace ruwan da yake fita a mayar da wani sashe nasa cikin damu na gaba, amma hakan ragi ne kawai.

A ƙasar Sin, inda aka gina miliyoyin irin waɗannan, da yawa sun zama kufai bayan mutane sun daina kiwo a gida ko sun koma birane. Haka ma a ƙasashen Afirka da dama an ga ginin da masu ba da agaji suka yi, aka yi bikin buɗewa, bayan shekara biyu babu mai zuba masa ko ƙwarya ɗaya, domin ba a ɗora wa kowa alhakinsa ba. A ganinmu wuraren da abin ya dace da su sanannu ne: gidan mai turke wanda shanunsa suke ɗaure dare da rana, masu madara na gefen gari, kwata inda ake zubar da abin cikin tumbi kowace safiya, kasuwar dabbobi, da makarantar kwana mai ɗalibai da yawa idan tana da rijiya ko famfo. Duk ƙungiyar da take son tara kuɗin jama'a domin wannan aiki, ta fara da sikeli: ta auna kashin da take iya samu kullum har wata guda, a cikin rani, sa'an nan ta kira magini.

Wani abu da ake mantawa shi ne ruwan takin da yake fita. Halittun nan ba su cinye sinadarin da shuka take buƙata, yana nan cikin saura, kuma warinsa ya ragu ƙwarai, ƙwayoyin ciyawa da yawa sun mutu. Mai lambun albasa ko tumatir zai iya samun amfanin takin ya kai na wutar. Kandilon da aka ƙona kuwa toka kaɗai yake bari.

Game da jujin birni, akwai masu cewa a ƙona shi a samu kuran. Ana yin haka a Turai da Japan, kuma Habasha ta buɗe irin wannan masana'anta a Adis Ababa a 2018, a gefen jujin da ya zabtare ya kashe fiye da mutum 100 a watan Maris na 2017. Amma sharar garuruwanmu yashi ya yi mata yawa, yashi kuwa ba ya ci da wuta, kuma masana'antar tana buƙatar matatar hayaƙi mai tsada. Cinna wa leda wuta a bakin unguwa bai shiga wannan babi ba, guba ce ake shaƙa wa maƙwabta.

Mas'alar tsarki

Idan aka ce: shin ya halatta a ci abincin da aka dafa da wannan wuta? Sai mu ce: a mazhabar Imamu Malik kashi da fitsarin dabbar da ake cin namanta, kamar saniya da tunkiya da akuya da raƙumi, masu tsarki ne, matuƙar ba najasa dabbar take ci ba. Daga cikin dalilan akwai abin da ya inganta cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kasance yana salla a garken tumaki kafin a gina masallacinsa. Don haka gaz na kashin shanu babu wata shubuha a cikinsa a wurinmu, haka takinsa, ko ya taɓa tufa. Malaman Shafi'iyya suna ganin kashin dabbobi duka najasa ne, kuma mun ambaci wannan ne domin kada a yi wa baƙo inkari idan ya wanke.

Inda magana take shi ne idan an haɗa da salga, ko kashin jaki da doki, ko jinin yanka na kwata, domin waɗannan najasa ne. Shehu Halil a cikin Muhtasar ya lissafa tokar najasa da hayaƙinta cikin abubuwa masu najasa, amma masu sharhi na baya, irin su Shehu Dardir, sun bayyana cewa abin dogaro shi ne tsarkinsu. Tushen wannan shi ne juyewar abu daga zatinsa zuwa wani zati dabam, kamar giyar da ta koma khalli da kanta, wadda malamai suka haɗu a kan tsarkinta. Gaz ɗin nan kuwa ya fi hayaƙi nisa daga asalinsa: iska ce wadda ba ta ɗauke da launi ko jikin abin da ta fito daga gare shi, kuma da za a tace ta ba za a bambance ta da metan na ƙarƙashin ƙasa ba. Abin da ya rinjaya a wurinmu shi ne abincin halal ne, tukunyar mai tsarki ce. Wanda ransa ya ƙi, ba a tilasta masa, shi ma kada ya haramta wa waninsa. Sai dai muna ganin a nisantar da fitilar irin wannan gaz daga cikin masallaci, domin fita daga saɓani, tun da malamanmu sun tsananta game da kunna gurɓataccen mai a cikinsa.

Ruwan takin da aka haɗa da salga yana nan a kan najasarsa, wanda ya taɓa shi ya wanke kafin salla. Zuba shi a gona ya halatta, kuma shukar da ta tsiro mai tsarki ce a mazhaba. Amma halacci dabam, lafiya dabam: ɗumin ginin ba ya kashe ƙwayayen tsutsar ciki duka. A tara shi da ciyawa ya ruɓe ya bushe wata da watanni, a kai shi gonar hatsi ko gindin itatuwa, kada a zuba wa salati da sauran abin da ake ci ɗanye.

Abin da yake lalata ginin, da abin da yake kisa

Ruwan sabulu mai yawa, da maganin ƙwari, da kashin dabbar da ake yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta, duk suna kashe halittun cikin. Yashi yana kwanciya a ƙasa ya cike wuri, don haka a tsince kashin daga daɓe. Raɓa tana taruwa cikin tiyo ta toshe shi, sai an yi mata mazubi a wuri mafi gangare. Idan an ji wari a madafa a buɗe ƙofa da taga, a shafa kumfar sabulu a mahaɗar tiyo a ga inda take tasowa. Kada a nemi yoyo da ashana.

Mafi girman haɗari shi ne shiga cikin ramin domin yasa ko gyara. Ko an kwashe shi, iskar da take ciki tana iya sumar da ƙato kafin ya yi kira, kuma sau da yawa wanda ya faɗa ceto shi ne gawa ta biyu. A bar shi buɗe kwanaki, a kaɗa masa iska, kada a kusanto da wuta ko taba, kada mutum ya sauka sai da igiya a ƙugunsa da mutum biyu riƙe da ita a sama. Yaro ba ya shiga ko da an yi duk wannan.

Allah ne mafi sani.