Motar Da Kowa Ke So, Har Da Ɓarayi: Abin Dubawa Kafin Sayen Mota Mai Gudu

A watan Nuwamba na shekarar 2017, 'yan sandan yankin West Midlands da ke Ingila suka saki wani bidiyo da kyamarar tsaro ta ɗauka a garin Solihull. Mutum biyu ne suka iso ƙofar wani gida da dare. Ɗaya ya tsaya jikin bango yana ɗaga wani ɗan akwati, ɗaya kuma ya tsaya kusa da wata Mercedes da irin wannan akwatin a hannu. Cikin kusan minti ɗaya ƙofar motar ta buɗe, inji ya tashi, suka tafi da ita. Ba su fasa gilashi ba, ba su shiga gidan ba, makullin kuma yana nan a inda mai shi ya ajiye.

Irin wannan bidiyo ne ke sa matashin da ya daɗe yana tara kuɗi a Birmingham ko Manchester ko Toronto ya yi jinkiri idan lokacin sayen motar da yake mafarki ya zo. Motoci irin su Volkswagen Golf R da Audi S3 da RS3 da BMW M140i sun yi suna a Birtaniya a wajen masu son gudu, sun kuma yi suna a wajen ɓarayi. Tambayar da mai saye ke yi wa kansa ita ce ko daɗin motar ya kai a jure fargabar da ke tare da ita. Amsar tana ga sanin ta inda ɓarawo ke shigowa, domin kowace hanya da nata maganin, kuma wani maganin yakan jawo wata cutar.

Me ya sa waɗannan motoci?

Golf R misali ce mai kyau. Samfurin da ya fito a 2014 yana da ƙarfin doki kusan 300, ƙafafunsa huɗu duk suna ja, kuma mai giyar otomatik ɗin yana kai kilomita 100 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa 5. Amma daga nesa da ƙyar a bambanta ta da Golf ɗin da ake kai yara makaranta. Ga mai laifi wannan babbar garaɓasa ce: mota ce da za ta tsere wa masu bin ta, sannan ta ɓace a cikin cunkoso. Akwai kuma kasuwar kayan gyara. Sau da yawa ba a sayar da motar yadda take. Ana kai ta wani ɓoyayyen gareji a wargaza ta, a sayar da inji da giya da kujeru da fitilu ɗaya bayan ɗaya.

A Amurka ma haka abin yake. Cibiyar HLDI, wadda ke tattara alƙaluman kamfanonin inshora, ta fitar da rahoto a 2023 cewa Dodge Charger SRT Hellcat ƙirar 2020 zuwa 2022 ana sace ta fiye da sau 60 kan matsakaicin sauran motoci. Wato fargabar ba ta banza ba ce. Sai dai alƙaluma irin waɗannan na ƙasa ne baki ɗaya. Motar da ke kwana a gareji mai rufi a ƙaramin gari da wadda ke kwana a bakin titi a babban birni ba haɗari ɗaya suke fuskanta ba, ko da ranar ɗaya aka ƙera su.

Hanya ta farko: tsawaita muryar makulli

Abin da ya faru a Solihull ya samo asali ne daga tsarin nan da ke buɗe mota ba tare da an danna rimot ba, muddin makullin na cikin aljihu. Motar tana fitar da sigina mai gajeren zango, a kan mita kusan kilohaz 125, wadda ba ta wuce taku biyu ko uku. Idan makulli ya ji ta, sai ya amsa a kan wata mita mai dogon zango, megahaz 433 a Turai ko 315 a Amurka. Motar na ɗauka cewa tunda makulli ya amsa, to yana kusa.

Akwatunan ɓarayin ba su karya wata lambar sirri. Ɗaya yana kama siginar motar ya tura wa ɗayan, shi kuma ya maimaita ta a jikin bangon gida. Makullin da ke rataye bayan ƙofa sai ya ji kamar motar tana gabansa, ya amsa da amsar gaskiya. Tun a 2011 masu bincike a jami'ar ETH da ke Zurich suka gwada wannan dabara a kan motoci 10 na kamfanoni 8, kuma duk sun buɗe.

Wannan ce hanyar da ta fi sauƙin toshewa. Akwai 'yar jaka mai shafin ƙarfe a ciki, wadda ake kira jakar Faraday, da ke hana sigina shiga ko fita. Gwada ta ba wuya: a saka makulli ciki, a tsaya jikin mota, a ja hannun ƙofa. Idan ta buɗe, jakar ta gaji, domin shafin na yagewa da yawan amfani. Makullin ko-ta-kwana shi ma yana buƙatar tasa jakar, kuma shi aka fi mantawa. Kamfanoni da dama sun koma yin makulli mai barci: Ford ya fito da nasa a 2019 a kan Fiesta da Focus, wanda ke daina amsawa idan ya yi daƙiƙa 40 bai motsa ba.

Maganin da ya fi ƙarfi shi ne fasahar UWB, wadda yawancin masu iPhone 11 zuwa sama ke ɗauke da ita a wayoyinsu. Maimakon auna ƙarfin sigina, UWB tana auna lokacin da siginar ta ɗauka ta je ta dawo. Sigina na tafiyar kusan santimita 30 a kowane kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, saboda haka duk wata na'ura da ta shiga tsakani tana ƙara jinkiri, motar kuma ta gane makullin na nesa. Jaguar Land Rover ya fara sa ta a wasu motocinsa tun 2018, BMW kuma ya yi amfani da ita wajen mayar da waya makulli a motarsa iX a 2021. Mai sayen tsohuwar mota mai gudu, irin ƙirar 2015 zuwa 2018, kada ya ɗauka tana da wannan kariya.

Hanya ta biyu: yi wa motar ƙarya daga cikinta

Da aka fara toshe hanyar makulli, ɓarayi suka koma kan wayoyin motar. Kowace motar zamani tana da ƙananan kwamfutoci da yawa da ke magana da juna ta wata hanyar sadarwa mai suna CAN, wadda kamfanin Bosch ya ƙirƙiro a shekarun 1980. A yadda aka tsara ta tun asali, ba ta tambayar wa ya aiko saƙo.

A 2022 wani masanin tsaron kwamfutar mota a Landan, Ian Tabor, ya tarar an ɓamɓare bambar gaban motarsa Toyota RAV4 an ciro wayoyin fitila. Ya ɗauka ɓarna ce kawai ta 'yan iska. Bayan wata uku aka sake, ba da jimawa ba motar ta ɓace. Shi da wani ƙwararre, Ken Tindell, suka bi diddigin abin, suka bayyana sakamakon a watan Afrilun 2023: ɓarayin na jona wata na'ura a wayoyin fitilar gaba, ta aika saƙon ƙarya cewa an tantance makulli. Abin da zai ba masu son na'urori mamaki shi ne an ɓoye na'urar a cikin kwandon sifikar Bluetooth ta JBL, don ko ɗan sanda ya gan ta ba zai yi zargi ba. A nan jakar Faraday ba ta da amfanin komai, tunda ba a taɓa neman makullin ba.

Akwai kuma soket ɗin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, inda makanike ke jona kwamfutarsa don gano matsala. Ɓarawon da ya samu shiga motar zai iya amfani da shi ya yi wa sabon makulli rajista. Maganin waɗannan biyun shi ne ƙarin na'urar hana tashin inji, kamar Ghost ta kamfanin Autowatch, wadda ba ta barin mota ta motsa sai an danna wasu maɓallan sitiyari ko na dashbod a jeren da mai motar kaɗai ya sani. Tesla ya sa makamancin wannan a manhajarsa tun 2018, inda sai an shigar da lambobi huɗu a allo kafin a tuƙa. Tsohon kwaɗon sitiyari na ƙarfe ma ya dawo kasuwa. Ba ya da kyan gani a mota mai tsada, amma ɓarawon da ya zo da na'ura don aikin minti ɗaya ba ya son tsayawa yanka ƙarfe.

Hanya ta uku, wadda ta fi tayar da hankali

Ga inda lissafin ke rikicewa. Idan motar ta gagara ta hanyar na'ura, kuma ɓarayin ita suke so ba wata ba, abin da ya rage musu shi ne makullin kansa, makullin kuwa yana cikin gida tare da iyali. A Birtaniya fasa gida don ɗaukar makullin mota laifi ne sananne, musamman kan motocin Jamus masu gudu. Wasu na karya kwaɗon ƙofa, wasu na zura sanda mai ƙugiya ta ramin da ake jefa wasiƙa su jawo makullin da ke kan teburi. A watan Afrilun 2017, a unguwar Chorlton ta Manchester, wani tsohon jami'in sojan ruwa mai shekara 35 ya ji motsi cikin dare ya fito, ɓarayin da suka ɗauki makullin Audi S3 ɗinsa suka taka shi da motar, ya rasu.

A Kanada abin ya kai matsayin da a watan Fabrairu na 2024 wani ɗan sandan Toronto ya shawarci mazauna wata unguwa su riƙa barin makulli kusa da ƙofar gida, don ɓarayi su ɗauka su tafi ba tare da sun kutsa ciki ba. Maganar ta jawo surutu sosai. Ta kuma ci karo da shawarar da aka saba bayarwa ta nisanta makulli daga ƙofa saboda masu tsawaita sigina. Abin da ya fi kama hankali shi ne haɗa biyun: makulli ya kwana a jakar Faraday, a ƙasa ba a ɗakin kwana ba, a inda ba a hango shi ta taga. Kai makulli ƙarƙashin matashin kai na nufin wanda ya fasa gida sai ya zo har bakin gado kafin ya same shi. Wanda ke da ƙananan yara ko tsofaffi a gida ya kamata ya ba wannan ɓangaren nauyi fiye da ƙarfin inji.

Inshora kafin biyan kuɗi

Kamfanin inshora ya riga ya yi lissafin da mai saye ke ƙoƙarin yi, kuma yana da alƙaluman unguwa-unguwa. Saboda haka mataki mafi amfani shi ne neman farashin inshorar ainihin motar, a ainihin adireshin da za ta kwana, kafin a biya ko kwabo. Masu Range Rover a Landan sun ga haka a 2023, lokacin da farashin inshorarsu ya yi tashin gwauron zabi, wasu kamfanoni ma suka ƙi karɓar su, har Jaguar Land Rover ya buɗe nasa tsarin inshorar, ya kuma ware fam miliyan 10 don sabunta tsaron motocin da ya riga ya sayar. Kamfanoni da yawa a Birtaniya na sharɗanta sa na'urar bin sawu mai shaidar cibiyar Thatcham, kuma irin wannan na'ura tana da kuɗin shekara-shekara. Duk wannan na cikin farashin motar na gaskiya.

Game da AirTag kuwa, tana taimakawa, har magajin garin New York ya raba guda 500 kyauta a 2023 saboda satar motoci. Amma an tsara ta ne ta sanar da duk wanda take bi ba da saninsa ba, don haka wayar ɓarawon na iya faɗa masa tana nan. Kuma takobi ce mai kaifi biyu: a ƙarshen 2021 'yan sandan yankin York a Kanada sun ba da rahoton ɓarayi na maƙala ta a jikin motoci masu tsada a wuraren ajiye mota, su bi su har gida. Idan na'ura ta nuna inda motar da aka sace take, aikin 'yan sanda ne zuwa wurin, ba na mai motar ba.

Inda motocin ke ƙarewa

Wani kaso na motocin da ake sacewa a Kanada kan shiga kwantena ta tashar jiragen ruwa ta Montreal, kuma an gano wasunsu a Ghana da Najeriya. Tun da aka haɗa bayanan motocin sata na Kanada da rumbun Interpol a watan Fabrairun 2024, cikin 'yan watanni aka gano fiye da 1,500 a ƙasashe daban-daban. Wanda ke shirin sayen tokumbo mai tsada a Kano ko Abuja ko Akara, haɗarinsa daban ne: ya biya miliyoyi, wata rana hukuma ta ƙwace motar. Lambar shasi, wato VIN, tana da haruffa da lambobi 17. A duba cewa wadda ke ƙasan gilashin gaba ta yi daidai da ta jikin ƙofar direba da ta takardun kwastam, sannan a bincika ta a shafin VINCheck na hukumar NICB ta Amurka, wanda kyauta ne, ko a sayi rahoton Carfax. Motar da shekarunta ba su wuce biyu ba, ta zo da makulli ɗaya tal, farashinta kuma ya yi ƙasa da na kasuwa sosai, tana buƙatar wannan binciken kafin a fara maganar ciniki.