Yadda Ake Tsawaita Bugun Injin V8

Direban da ya taɓa ɗauko doya daga Arikya zuwa Lafia da damina ya san gudu ba shi ne damuwarsa ba, ƙarfin ja yake nema. Makanikan Amurka sun daɗe da dabarar ƙara wannan ƙarfi a injin mai silinda takwas, suna ce wa irin wannan inji sitiroka. Mu nan mun fi sabawa da kai bulok a yi masa borin, a faɗaɗa ramin fistin. Su kuwa tafiyar fistin ɗin, sama da ƙasa, wato bugu, suke tsawaitawa. Duk yaron gareji da ya taɓa zura bututu a sifana don kwance noti mai taurin kai ya riga ya gane sirrin.

Injin da ya fi shahara a wannan aiki shi ne Chevrolet 350, mai lita 5.7. Da farko a wargaza injin, a wanke bulok, a duba ko ya tsage. Sai a ƙara faɗin silinda daga inci 4 zuwa 4.030. Daga nan a cire karanshaf mai bugun inci 3.48, a sa mai 3.75, irin na injin Chevrolet 400. A da sai an kai wannan karanshaf an rage kaurin wuyansa kafin ya zauna. Yanzu sabo ake saye. Injin ya koma 383 ke nan, lita 6.3.

Nan ne gaggawa ke kashe aiki. Tsohon fistin ba zai yi ba, don a kan tsohon kwanrod zai leƙo sama ya daki kan inji; dole a samo wanda aka ɗaga ramin fil ɗinsa. Sannan a haɗa komai na gwaji, a juya da hannu a hankali, ana kasa kunne. Inda kwanrod ya taɓa gindin bulok a yi alama, a kwance, a goge wurin kaɗan-kaɗan, a sake wankewa. Wanda ya zarce da guga zai huda hanyar ruwa, bulok ya zama kayan gwangwan. Bayan haka a daidaita nauyin karanshaf da fulawil, in ba haka ba jijjiga ta cinye metal.

Masu Ford 302 kuwa zaɓi biyu gare su: 331 mai bugun inci 3.25, ko 347 mai 3.4. Na biyun ya fi ja, amma fil ɗinsa kan shiga gurbin ringin mai, shi ya sa aka daɗe ana zarginsa da shan baƙin mai. Ni dai 331 zan ɗauka.

Saura fetur. Silinda ta ƙara girma, matsi ya ƙaru, kuma man da ake saye a galan bakin hanya zai sa injin ƙwanƙwasa. Sai a zaɓi fistin mai kwarmi a ka, a kuma sauya baƙin mai da wuri bayan tashin farko.